Kaluluwar wuya da ta yi wata huɗu ba ta sace ba

"Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce 'yar shekara 27, ina zaune a Dorayi, ina da aure da yaro ɗaya ɗan shekara biyu. Wata huɗu ke nan da wani ƙullutu ya fito min a gefen wuya na dama, ƙasa da kunne kaɗan. Da farko ɗan ƙarami ne, yanzu ya ninka, kuma ina jin wasu ƙanana manne da shi. Ba ya ciwo. Na je kemis sau biyu, an ba ni Ampiclox, daga baya aka ba ni sipro, ya yi kamar zai sace sai ya dawo. An yi min gwajin taifod da maleriya, na sha maganinsu. Wani lokacin ina jin zazzaɓi da yamma, kuma kayana sun fara yi min yawa. Ba na tari. Surukata ta ce a kai ni wajen wanzami ya tsaga, ƙawata kuma ta ce kada in kuskura in yarda a sa min allura a wurin, domin idan daji ne yaɗuwa zai yi. Na duba a intanet hankalina ya tashi. Don Allah mene ne wannan, kuma ina zan nufa?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba ki lafiya. Abin da kika kwatanta kaluluwa ce da ta daɗe a wuya, ba ta ciwo, tana ƙara girma, ta tara 'yan'uwa, ga zazzaɓin yamma da rama. Kina son sanin ko daji ne, kuma an ja ki gida biyu: wuƙar wanzami ko gudun allurar asibiti.

Bari in fara da abin da ya fi muhimmanci. Lokacin gwada magani a gani ko zai yi ya wuce. Kaluluwar da ta haura mako shida tana girma, sai an ɗebi wani abu daga cikinta an duba a ɗakin gwaji. A shekarunki, a garin nan namu na Kano, da irin alamomin da kika lissafa, abin da na fi zargi shi ne tibin kaluluwa, wato ƙwayar cutar tarin fuka ce ta zauna a wuya maimakon huhu. Ana warkewa sarai, maganinta kuma kyauta ne. Amma zargi ne kawai, domin ban taɓa wuyanki da hannuna ba, kuma akwai wani nau'in daji da ke zuwa da kamanni iri ɗaya sak. Allurar da ƙawarki ta hana ki ita ce ke raba gardama tsakaninsu.

Me ya sa kaluluwa ke tashi

Ba sabon abu ba ne ya tsiro miki. Kowa an halicce shi da waɗannan ƙulle-ƙulle, kusan 600 a jikin baligi, kuma kaso mai yawa daga cikinsu a wuya suke, saura a hammata, matsematsi, cikin ƙirji da cikin ciki. Akwai wani ruwa da ke tsattsafowa daga naman jiki, ba jini ba ne, yana bin wasu siraran jijiyoyi ya ratsa ta cikin ƙulle-ƙullen nan kafin ya koma cikin jini. A ciki akwai fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Idan ruwan ya ɗauko ƙwayar cuta, sai su hayayyafa domin su fi ƙarfinta, wurin ya kumbura ya yi zafi. Shi ya sa mai miki a ƙafa yake jin kaluluwa a matsematsi.

Kowane rukuni da yankin da yake tsaro. Na ƙarƙashin haɓa da muƙamuƙi suna karɓar na haƙora, dasashi da harshe. Na ƙasan kunne, inda taki take, suna karɓar na maƙogwaro da bayan hanci. Na ƙeya da bayan kunne na fatar kai ne: makero, ƙwarƙwata, ƙurajen da kitso mai tsauri ko ƙunar man shafa a gashi ke jawowa. Na ramin da ke gindin wuya, saman ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, suna kawo labarin ƙirji da ciki, kuma waɗannan ba ma yi musu jinkiri ko da ƙanana ne.

Kaluluwar mura ko ciwon haƙori takan tashi cikin kwana ɗaya ko biyu, tana ciwo idan an taɓa, ta sace cikin mako biyu zuwa huɗu bayan asalin ciwon ya tafi. Wani lokacin takan bar ɗan saura wanda bai kai santimita 1 ba, yana zamewa ƙarƙashin yatsa, ya yi watanni a haka bai ƙaru ba. Wannan ya fi yawa a yara. Iyaye mata kan kawo yaro yana ta tsalle-tsalle, yana cin tuwonsa, an ji 'yan ƙananan ƙulle-ƙulle a ƙeyarsa, uwa ta kasa barci. Mafi yawansu ba komai, a duba kansa a yi maganin makero, a daina latsawa kullum, domin yawan latsawar ma yana hana su kwanciya. Taki ba ta cikin wannan sahu. Ta daɗe, tana girma, ba ta ciwo, kuma jikinki yana nuna wani abu. Mutane kan ɗauka rashin ciwo alamar sauƙi ce. A wurinmu mai ciwon ce ta fi kwantar da hankali.

Da kin zo wurina

Zan zaunar da ke a kujera, in nemi ki sassauta hijabi da ɗankwali, in tsaya ta bayanki. Da kan yatsu nake bi, daga haɓa, ƙarƙashin muƙamuƙi, gaban kunne da bayansa, ƙeya, sannan in gangaro ta gefen doguwar tsokar wuya har ramin gindinsa, inda zan ce ki ɗaga kafaɗa kaɗan ki ja numfashi. Abin da yatsa ke nema shi ne girma, tauri, da ko abin yana motsi. Taɓa leɓenki, taɓa kan hancinki, taɓa goshinki: taushin leɓe yakan nuna ruwa ko mugunya a ciki, ƙarfin kan hanci shi muke ji a tibi da limfoma, wato dajin da ke tasowa daga cikin kaluluwar kanta, taurin goshi wanda ya kafe ba ya motsi shi ne ya fi kama da dajin da ya taso daga wani wuri ya sauka a kaluluwa. Idan ƙulle-ƙulle sun manne da juna sun zama dunƙule ɗaya, musamman idan tsakiyarsu ta fara laushi ba tare da zafi ko ja ba, zuciyata tana karkata ga tibi.

Zan ba ki ruwa ki haɗiya ina kallo. Abin da ya hau ya sauka tare da haɗiya maƙoƙo ne, ba kaluluwa ba. Akwai kuma ƙullutun kitse, da jakar ruwa da wasu ake haifarsu da ita ba ta bayyana sai sun girma, da kumburin glandar yawu. Sannan fitila a baki: haƙori mai kogo, dasashi, gefen harshe, ƙasan harshe, maƙogwaro. In leƙa kunne da hanci, in buɗa gashi in ga fatar kai, in taɓa hammata da ciki in ji ko saifa ko hanta sun kumbura, in duba ƙirjinki tare da ma'aikaciya mace. Duk wannan ba ya cin minti goma, kuma babu hoton da ke maye gurbinsa. Idan kika je asibiti aka rubuta miki magani ba a taɓa wuyan ba, ki nemi a taɓa.

Tambayoyin da zan yi miki ki shirya amsarsu tun daga gida. Akwai mai tari da ya daɗe a gidanku, ko gidan iyayenki, ko maƙwabciyar da kuke yini tare, ko da shekara biyu ko uku da suka wuce? Kina farkawa da dare ki tarar rigarki ta jiƙe da gumi har sai kin canza, alhali ba zafin gari ba ne? Jikinki yana ƙaiƙayi ba ƙuraje? Kunne ɗaya ya toshe, ko hanci yana haɓo, ko murya ta dishe? Kuna da kyanwa, ta taɓa yakushinki? Kina shan madarar shanu da ba a tafasa ba? Akwai maganin da kike sha kullum, kamar na farfaɗiya?

Tibin da ba ya sa tari

Yawancin mutane idan an ce tibi, tari da aman jini suke hangowa. To ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai take zama ba. Takan shiga ta numfashi, ta bi jini ko waccan hanyar ruwan ta sauka a wani wuri ta kwanta shiru, wani lokaci shekaru, sai ranar da ƙarfin jiki ya ragu, sanadin haihuwa da shayarwa, ƙarancin abinci, ciwon suga ko HIV, sannan ta farka. A duk wuraren da takan zauna a wajen huhu, kaluluwa ce kan gaba, kuma ta wuya ta fi yawa. Ta fi kama yara da matasa, mata sun ɗan fi maza. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tibi, Kano kuma tana cikin jihohin da suka fi yawa, abin da ba zai ba da mamaki ba ga wanda ya san cunkoson gidajen cikin gari da ɗakunan da taga ɗaya ce, ita ma a rufe saboda sauro ko ƙura. Akwai kuma nau'in da ke fitowa daga shanu ta madarar da ba ta ga wuta ba, tafasawa tana kashe shi.

Idan an bar ta, tafiyarta sananniya ce. Ta fara da ƙulli ɗaya mai ƙarfi, wasu su biyo baya su manne, cikinsu ya ruɓe ya zama wani farin abu mai kauri, ya narke ya zama mugunya marar zafi, fata ta yi duhu ta yi siriri, daga nan ta fashe ta bar rami yana tsiyaya watanni. Ya rufe a nan ya ɓulle a can. Masu irin wannan tabon a wuya, a tattare kamar an ɗinke, kin sha ganinsu a gari.

A nan ne maganar surukarki ta shigo. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma wanzami ya saba tsaga maruru ya fitar da mugunya mutum ya samu sauƙi. Amma wannan ba maruru ba ne. Tsaga kaluluwar tibi buɗe mata ƙofa ne da wuri. Na sha karɓar matan da aka tsaga musu, su zo da tsumma ɗaure a wuya ƙarƙashin mayafi, an cusa garin magani a ramin, gefen ya yi kore-kore, ƙwayoyin cuta na waje sun samu hanya sun haɗu da na ciki. Maganin tibin yana warkar da su, amma tabon ya zauna har abada. Bayan haka, a daidai wurin da kika kwatanta manyan jijiyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa suke wucewa, da jijiyar da ke ɗaga kafaɗa. Mu kanmu a ɗakin tiyata da taka-tsantsan muke shiga wurin. Ki samu maigidanki ya yi wa Hajiya bayani cikin ladabi cewa likita ya ce a fara gwaji tukuna.

Sipro da kika sha ma tana da labari. Ita da danginta irin su lebofuloksasin suna ɗan taɓa ƙwayar tibi, ba su kashe ta duka ba. Sai kumburin ya ɗan ja baya, mutum ya ce an dace, bayan makonni ya dawo, an ɓata lokaci, gwaji ya ƙara wuya, kuma ana koya wa ƙwayar cutar jure wa magani. Cewa da kika yi ya yi kamar zai sace sai ya dawo, ni ƙara min zargi ya yi. Shi kuwa gwajin taifod da ake yi wa duk wanda ya ce jikinsa da ɗumi, yakan nuna akwai ko a jikin mai lafiya, kuma taifod ba ta ajiye ƙullutu a wuya wata huɗu.

Wanda ya fi duka ɓarna shi ne deksametason da piredinisolon, waɗanda ake zubawa cikin haɗin kemis, kuma wasu mata ke sha don ƙiba. Suna narkar da kaluluwar limfoma na ɗan lokaci har a ɗebi nama a kasa ganin komai, tibi kuwa su ƙara mata ƙarfi. Idan kina shan wani abu irin wannan ki faɗa wa likita, kuma idan kin daɗe a kansa kada ki yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janye shi.

Maganar daji

Ba zan ce miki ba zai yiwu ba. Iri biyu ne ke zuwa wuya. Na farko yana tasowa daga cikin kaluluwar kanta, shi ne limfoma. Wani nau'insa, wanda likitan Ingila Thomas Hodgkin ya fara bayyanawa a 1832, ya fi son matasa masu shekaru irin naki, kuma yana zuwa da ƙulli marar ciwo, zazzaɓi, gumin dare da rama, wato kayan tibi ya ara gaba ɗaya. Wani lokaci da ƙaiƙayin jiki. Abin da intanet ba ta cika faɗa da ƙarfi ba shi ne yana cikin cututtukan daji da suka fi jin magani: inda aka gano shi da wuri aka kammala magani, fiye da 80 cikin 100 suna warkewa. A yara kuma akwai limfomar Burkitt, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, ita ma tana jin magani idan an hanzarta.

Na biyu shi ne dajin da ya fara a wani wuri ya aiko da 'ya'yansa: bayan hanci, maƙogwaro, harshe, maƙoshi, maƙoƙo, nono, huhu ko tumbi. Wannan ya fi yawa bayan shekara 40, musamman ga mai shan sigari, mai tauna ko shaƙar taba, ko mai shan giya. Magidancin da ya kai wannan shekaru ya ga ƙulli mai tauri a wuya ya wuce mako uku, muna ɗaukarsa daji har sai gwaji ya wanke shi. Na bayan hanci dai ba ya duba shekaru, muna ganinsa a matasa, kuma sau da yawa ƙullin wuya ne alamarsa ta farko, tare da toshewar kunne ɗaya ko haɓo. Shi ya sa likitan kunne, hanci da maƙogwaro yakan zura siririyar kyamara ta hanci ya leƙa.

Sauran dalilai a taƙaice: HIV kan kumbura kaluluwa a wurare da yawa, ɓangare biyu na jiki, fiye da wata uku. Yakushin kyanwa da wata cuta da ake ɗauka daga kashinta ko naman da bai dahu ba kan bar ƙulli na makonni ko watanni, yawanci su tafi da kansu. Ruɓaɓɓen haƙori da aka yi shekara ana danne shi da maganin ciwo, tunjere, wasu cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, da magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin da kabamazefin, duk suna iya yi.

Daji ba ya son ƙarfe?

Maganar ƙawarki ta yaɗu a gari, kuma na fahimci inda ta samo asali. Mutum ya yi shekara yana yawo da ciwo, sai ya ci ƙarfinsa a kawo shi asibiti, a ɗebi nama, bayan wata biyu ya rasu, dangi su ce ƙarfe ne ya taɓa shi. Shekarar da aka ɓata ba wanda ya tuna da ita. Siririyar allurar da ake amfani da ita a wuya ba ta kai kaurin wadda ake ɗibar jini da ita ba, kuma shekaru da dama ana wannan aiki a ko'ina a duniya kuma abu ne mai matuƙar wuya a ga ta watsa ciwo. Wannan imani ya jawo asarar rayuka da yawa a ƙasar nan, musamman mata masu ciwon nono.

Ga yadda ake yi. Kina kwance ko zaune, a goge wurin, likita ya riƙe ƙullin tsakanin yatsu biyu, ya soka allurar ya ɗan motsa ta na 'yan daƙiƙoƙi, ya zare. Abin da ya fito, wani lokaci ɗigo ɗaya ne, a shafa a gilashi a kai wa masu duba ƙwayoyin halitta a madubin ƙara girma. Zafinsa kamar na allurar hannu ne, ki tashi ki hau adaidaita ki koma gida. Ki roƙi a raba abin da aka ɗebo biyu, a kai rabi na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar tibi kuma ta faɗi ko tana jure wa rifamfisin, babban maganin cutar. Na'urar kanta kimanin awa biyu take ɗauka, ko da yake layi kan sa sakamako ya kwana.

Allurar tana da iyaka. Idan ta nuna tibi, an gama. Idan ba ta nuna komai ba, ba a wanke ki ba tukuna, domin ƙwayar tibi a kaluluwa ba ta da yawa, ana iya kuskure ta. Limfoma kuma ba a tantance nau'inta sai an ciro ƙulli ɗaya sukutum an yanka shi an duba tsarinsa. Ƙaramar tiyata ce, sau da yawa kashe wurin kawai ake yi. Idan aka ce miki sai an yi wannan, ba alamar abin ya lalace ba ne.

Tare da allurar za a yi hoton ƙirji ko da ba kya tari, gwajin kaki idan yana fitowa, ƙidayar ƙwayoyin jini, gwajin suga, da gwajin HIV. Wannan na ƙarshe kowa muke yi wa, ba zargin ki ko maigidanki ba ne, kuma sakamakon sirrinki ne. Sikanin wuya yana taimakawa wajen ganin ko akwai ruwa a ciki da inda ya fi dacewa a soka, amma ba ya faɗin sunan cutar. Kada ki kashe kuɗinki kina maimaita shi daga wannan shago zuwa wancan.

Akwai abin da nake adawa da shi, ko da yake ana yi: a ɗora mutum kan maganin tibi ba gwaji, a ce a gani ko zai ji sauƙi. A ƙauyen da ba ɗakin gwaji ana iya yi wa likita uzuri. A cikin birnin Kano babu wannan uzurin. Mai limfomar da aka yi wa haka yakan yi asarar watanni masu tsada. Idan dole ta sa aka fara ba tabbaci, to a sa wa'adi: wata biyu ba canji, a ciro ƙulli a duba.

Inda za ki nufa

Ki fara da sashen marasa lafiya na waje a babban asibiti, ba kemis ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya yana da sashen duba nama da na kunne, hanci da maƙogwaro. Asibitin Murtala yana da likitocin tiyata da sashen tibi. Asibitin Zana, wato na cututtuka masu yaɗuwa, tibi na cikin manyan ayyukansa. Yara kuma akwai Hasiya Bayero. Gwajin GeneXpert da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma kati, hoto da duba nama akan biya, don haka ki tafi da ɗan abin hannu. Ki ɗauki kwalaye ko takardun duk magungunan da kika sha, da sakamakon gwaje-gwajen baya. A cikin makon nan nake so ki je, ba bayan biki ko bayan an yi albashi ba.

Wanda kuma numfashi ko haɗiya ke yi wa wuya, ko fuska ta kumbura, ko wuya ya kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu da zazzaɓi mai zafi, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. Musamman yaro mai ciwon maƙogwaro da wuya ya cika: ba mu manta da mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ba.

Idan ta tabbata tibi ce

Wata shida ne. Wata biyun farko magunguna huɗu a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, rifamfisin, isoniyazid, pirazinamaid da etambutol, ana ƙayyade yawan ƙwayoyin da nauyin jikinki. Wata huɗun da suka rage magunguna biyun farko kaɗai, rifamfisin da isoniyazid. Sau ɗaya a rana, da safe kafin karin kumallo. Fitsarinki zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, har gumi da hawaye, wannan ba komai. Abin da zai sa ki dakata ki koma asibiti a ranar shi ne idanu su yi rawaya, amai ya ƙi tsayawa, ƙuraje su feso, ko gani ya fara dishi-dishi. Akan haɗa da bitamin B6 saboda jin tsira-tsira a tafin ƙafa. Mai ciki da mai shayarwa duk suna sha. Idan kina tazarar haihuwa ki faɗa, domin rifamfisin yana raunana ƙwayoyin sha da ashanar da ake sawa a damtse, sai a sauya miki wata hanya.

Zazzaɓi da rashin cin abinci sukan gyaru cikin 'yan makonni, amma ƙullin yana da nawa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ma sai ya ga ya ƙara kumbura, ko sabo ya fito, bayan an fara magani. Garkuwar jiki ce ta farfaɗo take faɗa da gawarwakin ƙwayoyin cutar. A daidai nan mutane ke cewa maganin asibiti bai karɓe su ba su watsar. Ki koma a duba, idan ya tara ruwa a zuƙe da sirinji, ki ci gaba da sha. Wasu kuma bayan wata shidan ɗan ƙulli mai tauri yakan rage, tabo ne na ciki.

Tibin da ke kaluluwa kaɗai, huhu lafiya, ba a ɗaukarsa ta numfashi ko kwano ko shimfiɗa, saboda haka ba dalilin ware miki kofi ko raba ki da ɗanki. Sai dai ke ma a wurin wani kika ɗauka, don haka duk mai tari a gidan a kai shi gwajin kaki. Idan hoton ya nuna huhunki ya taɓu, ko aka samu wani mai tibin huhu a gidan, sai a duba yaron, domin 'yan ƙasa da shekara biyar ana ba su maganin kariya ko da lafiyarsu ƙalau. Ki tafi da shi da katin rigakafinsa ranar da za ki karɓi sakamako.